Honda 175 na marigayi Baba ya shekara 18 a zaure, in gyara ko in sa masa injin China?

Wani dan uwa daga Tudun Jukun a Zariya ne ya turo wannan tambaya, ga abinda yace a takaice: "Salamu alaikum Oga. Mahaifinmu Allah ya jikansa ya bar mana Honda 175 mai salansa biyu, da kudin Udoji ya saye shi lokacin yana koyarwa. Rabon da a tada shi shekara 18 kenan, yana jingine a zaure an lullube shi da tsohuwar tabarma. Na kira wani makanike yace injin ya mutu, gara a cire a dasa na China ayi masa fenti. 'Yan gwangwan ma sun taya. Me kake gani?"

Wa alaikumus salam kanina. Allah ya jikan Malam yasa ya huta. Kafin nace komai bari in tambaye ka, shi makaniken bude injin yayi ko daga tsaye ya kalla yace ya mutu? Dan ni na haura shekara talatin ina wannan aiki a Sabon Gari kuma har yau ban iya gane mataccen inji da ido ba. Yawancin mashinan da ake jinginewa a zaure ba mutuwa sukayi ba, mai su ne ya tsufa ko idonsa ya rage gani, ko kuma wani dan karamin abu ya lalace aka ce sai gobe, goben nan ta zama shekara ashirin.

Sannan an raba gado kuwa? Kar kaga kamar na sako abinda ba a tambaye ni ba. Yau kowa a gidan yana kallonsa a matsayin tarkacen da ya tare hanya, ranar da ya tashi yana sheki kowa zai tuna ashe yana da kaso. Ayi masa kudi yanzu yadda yake, ka biya 'yan uwanka hakkinsu ko su yafe maka a gaban shaidu, sai ka fara kashe kudinka hankali kwance. Ka kuma binciki akwatin Malam ko jakar takardunsa, irin mutanen nan basa yar da rasit, ka hada lambar jikin inji da ta firam da abinda ke rubuce a takarda.

Toh abinda ke zauren ku CD175 ne, Honda sunyi shi daga 1967 zuwa 1979, kuma maganar Udoji, wato karin albashin da gwamnati tayi wa ma'aikata, ta dace dan a 1975 ne ariyas din ya shiga hannun ma'aikata kowa ya ruga sayen mashin da rediyo. A lokacin ma ba a kafa kamfanin Honda na Ota a jihar Ogun ba, sai 1979. Silinda biyu gare shi, cc 174, giya hudu, kafireto daya, wutarsa bolt 6 ce, kuma fistin dinsa biyun tare suke hawa tare suke sauka shi yasa kwantak daya (dan makunnin da ke budewa ya rufe dan fulogi ya bada wuta) da kwayil daya mai waya biyu suka ishe shi. Inji ne mai saukin kai sosai, ba don gudu akayi shi ba, don ya kai malamin makaranta aiki kullum ya dawo da shi akayi shi. Injin Chinan da ake so a dasa maka kuwa yawancinsu kwafin CG125 ne, shima na Honda din ne na 1975, silinda daya. Ba mugun inji bane, da shi 'yan acaba suka ci abinci shekara da shekaru. Amma baya zama a firam dinka sai an yanka anyi walda, salansa daya zata zama ta banza, lambar inji ta saba da takarda, a karshe ba Honda gare ka ba kuma ba mashin din China mai lafiya ba. In abin hawa kawai kake nema ka sayi Boxer ka huta, ka bar na Malam yadda yake.

Yanzu ga abinda nafi so ka rike a duk maganar nan, kar ka buga kik. Kar ka bari yaran unguwa su tura shi, kar ka zuba masa fetur "a ji ko zai tashi". Nasan hannunka na kaikayi amma ka daure.

Ina yaron gareji aka kawo mana irinsa daga cikin gari a kan kura, ya dan shekara a ajiye. Ranar Juma'a ce Oga ya tafi masallaci da wuri yace kar a taba. Ni kuma ina ji da kaina, na goge fulogi na ari batir na tsiyaya fetur a kafireto, muka tura shi da wani abokina sai gashi ya kama, hayaki ya turnuke gareji ina ta murza totur ina washe baki. Ko minti biyar ba ayi ba kara ta canza, wani siririn kiii ya fito daga sama, sai dif. Da Oga ya dawo bai dake ni ba, kwance kan injin yayi yana shiru, ya ciro marfin gefen da kamshaf (sandar saman inji da ke bude bawul) ke juyawa a ciki ya dora min a tafin hannu yace shinshina. Kauri kawai yake, a bushe kamas, alminiyam din ya narke ya manne a jikin karfen kamar an shafa dalma. Wata shida muna neman madadinsa.

Dalili kuwa, a wannan injin kamshaf bashi da boris, a cikin alminiyam zalla yake juyawa, bakin mai ne kadai tsakaninsu. Man kuma daga can kasa famfo ke turo shi ta wata siririyar hanya har sama. Mashin din da ya dade a tsaye duk man saman ya tsiyaye, na kasan ya zama kamar kunu, hanyar ta toshe. Kasa zaiyi ta aiki lafiya lau, sama na cin kansa.

Dan haka ga yadda zaka bi da shi. Ka fito da shi tsakar gida ka dauki hotonsa ta ko'ina da wayarka, har yadda wayoyi suka bi da yadda kebul ya lankwasa, zaka gode min ranar hadawa. Ka leka salansa da akwatin iska, zanzaro na son gina daki a wuraren nan, bera kuma ya kan yi sheka a karkashin sit ya cinye wayarin. Sai ka share gindin fulogi tas kafin ka kwance su dan kar kasa ta fada ciki, ka zuba kananzir hade da dan bakin mai kamar cokali biyu a kowane rami, ka mayar da fulogin da hannu ka tafi harkarka kwana uku ko hudu. In ka dawo ka cire fulogin, ka dora shi a kan babban sitan, ka sa giya ta hudu ka rika juya tayar baya gaba da baya a hankali da hannu. In ya motsa alhamdulillahi. In yaki ka kara kananzir ka kara sati, ni na taba jika wani sati uku kafin ya saki. Yawanci bangare daya ne ke kamewa, dan duk inda injin ya tsaya da wuya ba a samu bawul daya a bude ba, ta nan danshin damina goma sha takwas ya rika shiga yana sa ringi tsatsa. Abinda ba a yi shine mutum ya hau kik da duk nauyinsa, ringi zai karye ya karce bulo ko hakorin kik din ya balle, garin neman gira a rasa ido.

Da ya fara juyawa sai maganar mai. Ka juye tsohon a roba mai fadi ka fita da shi rana ka kalla, in kaga yana kyalli kamar an barbada garin karfe akwai abinda ya ci a ciki, in yayi fari-fari kamar madara ruwa ya shiga. Wannan mashin bashi da filtar mai ta takarda irin ta mota. A gefen dama akwai wani zagayayyen marfi, bayansa wani dan kofi ne da ke juyawa tare da karanshaf, karfin juyin ne ke wurga dattin mai ya manne a bangon kofin. Mutane da yawa sun hau 175 shekara ashirin basu san da kofin nan ba. In ka bude zaka samu datti ya daskare baki kirin kamar kanzon tukunya, sai an kankare da bakin sukundireba. A wanke shi, a wanke rariyar famfon mai a kasa, sannan a zuba sabon mai lita daya da rabi. 20W-50 na mashin nake sawa saboda zafinmu, ka duba galan din kaga an rubuta JASO MA, dan kulocinsa a cikin mai yake wanka kuma wasu mayukan mota na zamani suna sa shi santsi. Bayan nan ka bude marafan bawul ka tsiyaya mai a kan kamshaf da hannunka, fulogi a cire kayi ta buga kik a hankali har kaga mai ya iso sama da kansa. In bai iso ba ba a tada shi, ko waye yace maka ba komai.

Af, sukurorin jikin injin nan. Kansu kamar na sukundireba sita da muka sani amma ba daya bane, na Japan ne ana ce masu JIS, wasu zakaga dan digo a kansu. Sukundireban kasuwa zamewa yake ya cinye kan, daga nan sai yaro ya dauko kurfi da guduma ya fasa maka marfin da babu shi a kasuwa. A nemo sukundireban duka, wanda ake dorawa a buga da guduma ya juya da kansa. Kuma dan Allah kar a cika gam a gasket, rarar da ta matso ta ciki ita ke gutsurewa ta toshe waccan siririyar hanyar man.

Sai a saita bawul injin na sanyi, 0.05 na milimita duka hudun, da filageji (siraran karafan auna gibi) ba da "ji a hannu" ba. Bayan nan a auna kwamfireshan. In akwai geji kuma kowane bangare ya haura 120 psi sannan basu yi nisa da juna ba, ni a ganina kar ka yarda a bude injin, ka hau shi tukuna, sau da yawa ringin da ya manne yana saki da kansa in yaji zafi. In daya ya fadi kasa sosai a zuba dan mai a ramin a sake aunawa, in ya tashi ringi ne in bai tashi ba bawul ne. Ko da ta kai ga borin, wato fadada ramin silinda, fadin fistin dinsa milimita 52 ne kuma akwai obasayiz hawa hudu, 0.25 da 0.50 da 0.75 da 1.00. Ka fara samo fistin din a hannu kafin a kai bulo wajen masu borin, su auna da shi, kuma kar a tsallaka zuwa na karshe in na farko zai share karcen, ka bar wa gaba rabonta.

Tanki da kafireto aikin hakuri ne kawai. Tsohon fetur in ya bushe yana barin wani danko mai wari kamar banish. Ka cire famfon mai na kasan tanki ka toshe ramin, ka zuba notina da kananzir kayi ta girgizawa, ka juye, sannan ka cika shi da ruwan khal ya kwana biyu, ka dauraye ka shanya a rana ya bushe sarai ka zuba fetur nan take dan in ka barshi tsatsa na dawowa kafin la'asar. In ya huje kar ka yarda mai walda ya kusance shi da wuta sai an wanke an cika shi da ruwa, tururin fetur na zama a tanki ko ya shekara babu mai. Kafiretonsa Keihin ne kuma wallahi yafi sabon da za a ce ka saya, kar ka bari a musanya maka. Kafin a kwance sukurun iska a daure shi a hankali ana kirga juyi nawa yayi a rubuta, haka za a mayar. Jet kuma, wato dan noti mai siririn rami da fetur ke bi, ba a tsokane shi da allura ko wayar birki, ramin fadada yake mashin ya koma shan mai yana bakanta fulogi, a jika shi a busa da iska, in ya kafe a sa silin wayar wuta guda daya mai laushi. Fulot din na tagulla ne, ka girgiza shi a kunnenka, in kaji ruwa na motsi ya huje.

Wuta ce inda makanikan yanzu ke gudu, dan sun taso a zamanin CDI, wato akwatin wuta na zamani, basu san kwantak ba. Ba wani abu bane mai wuya. A goge bakinsa da lallausan samfefa, a bashi gibin 0.3 zuwa 0.4 na milimita, a saita shi ya fara budewa daidai lokacin da alamar F ta jikin rota ta zo kan layi. Fulogi NGK D8HS, gibi 0.6 zuwa 0.7. Abinda zaka sani shine wannan ba kamar kananan mashina masu magneto bane, in batir ya mutu babu wuta, ko ka tura shi daga Kofar Doka har Kwangila. Batir mai bolt 6 yayi wuya yanzu shi yasa za a ce maka a mayar da shi 12. Ni bana so, yawancin raunin wutar da ake dora wa bolt 6 datti ne a mahadar wayoyi da wajen as (inda waya ke haduwa da karfen firam), a goge su fitila zata dawo. Abu daya da nake canzawa ba tare da na ji komai ba shine tsohuwar raktifaya (mai juya wutar inji ta caja batir) mai faranti-faranti, ta zamani tafi ta caji kuma a boye take ba mai gani. Batir din fitilar caji mai bolt 6 zai yi maka gwajin wuta, amma kar ka barshi a jiki, ba a yi shi dan cajin mashin ba.

Taya, tub, takalmin birki, kebul na birki da na kuloci, tiyon mai, wadannan babu tausayi babu tarihi, a canza. Ko zanen tayar na nan kamar sabo robar ta bushe. Takalmin birkin da ya dade fatar na ballewa daga jikin karfen ta cije taya ana cikin tafiya, kuma in an bude kar a busa kurar da baki, na da akwai asbestos a ciki, a goge da jikakken tsumma. Kuloci ma zaka same shi a manne, a kwance faranten a jika su a mai. Rumbun sarkar nan da ya rufe ta ruf kar a cire wai yana kara, shi ke hana kurar hunturu cinye sarka da sufoket.

Kaya fa? Nan ne za a sha wuya, gaskiya. Ka fara da tsofaffin shagunan sifiya na Sabon Gari, ka nemi dattijon ba yaron shago ba, wani lokaci akwai kwalin da ya shekara talatin a saman kanta ba wanda ya tambaya. Daga nan Panteka a Kaduna, Kofar Ruwa a Kano, in kuma kana da wanda ke sauka Nnewi ka bashi sako da samfur a hannu. A waje akwai CMS a kasar Holan da David Silver Spares a Ingila, sana'arsu kenan kayan tsofaffin Honda, kuma shafin CMS na da zanen kowane bangare da lambar kowane noti, ko baka sayi komai ba zanen kadai zai yi maka amfani wajen hadawa. Da canjin kudi yadda yake yanzu kananan abubuwa kawai zan ce ka yi oda, kwantak, oyil sil, gasket. Dabarar da tafi ita ce ka samu wani mataccen 175 ka saya sukutum ka ajiye a matsayin banki, ka rika tambayar 'yan gwangwan din nan da suka taya naka, su ne suka san gidan da irinsa yake. Kuma duk abinda aka cire a mashin dinka, ko ya lalace, a buhu zaka sa ka tafi da shi gida a ranar. Ni mai gareji ne nake fada maka, in ka bari yaran mu zasu auna shi a sikeli kafin ka dawo.

Fenti shine karshe, in ma za ayi. Kowa da shi yake so ya fara dan shi ake gani, sai kudi su kare a kyalli injin na nan yadda yake. Ka wanke shi da omo ka shafa man goge mota ka gani tukuna, fentin Japan na lokacin yana da kauri, sau da yawa a karkashin kurar yana nan. Farin karfen gefen tanki da madigadi kar a sa masu samfefa, takardar alminiyam ta nade abinci zaka dunkule ka tsoma a ruwa ka goga, tsatsar sama zata tafi. Ni da nawa ne ko dan lotsawar da ke jikin tankin bazan buge ba, Malam ne yayi ta.

In Allah yasa ya tashi, ka barshi a sulo ka sake leka marfin bawul kaga mai na fantsama, sannan ka fita da shi da sassafe hanyar Samaru zuwa Shika inda zai sha iska, ba cikin cunkoson PZ ba, injin da iska ke sanyayawa baya son tsayuwa wuri daya. Ka juye man farko bayan kamar kilomita 300 dan zai kwaso sauran dattin, daga nan duk 1,500, da hunturu ma kasa da haka tare da duba filtar iska. Ka guji man 'yan bumburutu, ka sa 'yar filtar mai a tiyo, ka rika kulle famfon mai duk sanda ka ajiye, kuma ko sau daya a sati ka hau shi har yayi zafi sosai, tadawa minti biyu a kashe ruwa kawai yake tarawa a salansa.

Yanzu dai kar ka dauko shi. Ranar Asabar in ka shigo Sabon Gari ka taho min da fulogin nan guda biyu yadda ka ciro su, kar ka goge, ka daura zare a na hagu dan in bambance, da hoton lambar injin. Ka zuba kananzir din tun yau.